Karan Awon Zaliha

Babankatami, bayan kaka, 1986

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya aikin gadi, yaya ruwan Abijan da aka ce ba ya ɗaukewa, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Inna tana gaishe ka, ƙanenka Mato da yara duk suna gaishe ka. Hatsi ya shiga rumbu, bai kai na bara ba amma mun gode Allah.

Da hannuna nake rubutawa, ka yi haƙuri da karkacewar baƙaƙen, iyakar abin da yaƙi da jahilci ya koya mini ke nan. Ban kai wa mushen lakwal, malamin makarantar boko, ba, don abin da ya shiga kunnensa da safe kafin la'asar yana bakin rijiya. Kai ma ka karanta da kanka.

Rigar da ka aiko wa Zaliha ta iso, ta yi murna har ta ƙi cin tuwo. Ka ce ka gwada ta a jikin ɗiyar mai gidanku, tsararta. To a jikin taka ɗiyar har ƙasa take ja, ko yatsun ƙafarta ba a gani. Na ce in naɗe bakin in ɗinke, ta ce kar a taɓa abin da babanta ya aiko. A kan wannan nake son mu yi magana.

Tun da aka dawo da ita daga Faransa muke ta godiya. Kumburin bayan idonta ya tafi, gashi ya tsiro, tana ci tana wasa. Murna ta rufe mana ido. Balki ɗiyar maƙwabta, wadda Zaliha ta goya da bayanta, yau ita ke leƙa tsakiyar kan Zaliha.

Ranar kasuwar Buza, Majo Bala, babban ma'aikacin likitar can, wato asibiti, ya aiko a kira ni. Ya ce lokotorocin Faransa sun rubuto ta hannun ƙungiyar nan da ta kai ta, suna tambayar tsawonta. Na ce su tambayi lafiyarta mana, mi ya haɗa su da tsawo. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Wutar nan da suka haska mata a kai don ta ƙone kumburin takan shafi abin da ke kusa. Akwai wani ɗan abu cikin kai, bai fi ƙwayar wake ba, shi ke sa jiki ya girma. In wutar ta taɓa shi ba nan take ake ganewa ba. Yaro ba zazzaɓi, ba ciwo, sai dai ya tsaya inda yake tsararsa su wuce shi. Ya ce akwai allurar da ake yi, amma sai an tabbatar a Yamai da hoton ƙashin hannu da awon jini, kuma sai kafin ta balaga. In ƙashi ya rufe, ko tulu guda aka ɗura mata ba za ta ƙara ɗan yatsa ba. Ba sa kai yaro Yamai a kan zato, sai awo ya nuna, don haka a riƙa aunawa duk bayan wata uku.

Na kai ta. Tun daga ƙofa da ta ji warin magani ta ga farar riga ta zube ƙasa, ta jiƙa zanenta, yarinya mai shekara goma sha ɗaya. Ba wanda ya iya miƙar da ita. Majo ya ce to a yi a gida: a tsayar da ita jikin bango ba takalmi, a yanke karan dawa daidai kanta a aika masa, shi zai ɗora metir ɗin awo a kai. Na ce zare fa? Ya ce zare yana miƙewa, kara ba ya miƙewa.

Ka san uwarka. Ita ke wanke matan garin nan in sun cika, ita ke miƙa wa maza karan awo ta bakin ƙofa su tafi haƙa kabari. Da na faɗa mata sai ta ajiye abawarta ta ce a gidanta ba a yanke wa mai rai kara, wanda ya yi haka kiran abin yake. Ta ce yarinyar da Allah ya fizgo daga bakin rami ni zan auna wa rami. Wallahi ni ma in na tuna karan tsoro nake ji. Amma in na dubi Balki na dubi Zaliha wani tsoron ya fi wannan.

Ni ba ta jin tawa. Ka aiko mata da magana, ta bakinka, da sauri. Isufu ɗan garinmu zai koma Abijan cikin satin nan, shi zai kawo maka wannan.

Allah ya tsare ka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka,
Saude


Babankatami, cikin sanyi, 1987

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya mutanenmu na can? Mu jikinmu lafiya, hankali ne ba lafiya.

Kasat ɗin da ka aiko ya iso. Inna ta saurari muryarka har ƙarshe, ta sa aka maimaita, sannan ta ce tun da mai ɗiya ya ce a yi, a yi, amma ba a gaban idonta ba. Na jira ta tafi suna. Na tsayar da Zaliha jikin bangon ɗakina na yanke kara biyu tsawo ɗaya, na soke ɗaya a rufin ɗaki don ajiya. Garin yankan har na yanke yatsa.

Ɗayan na ba Mato. Na ce ya tura shi cikin damin kara, ya bi ta bayan gari. Wannan ƙane naka mai kan kabewa ya ga dami zai yi masa nauyi. Ya ɗauki kara guda a hannu, ya bi ta gaban masallaci da hantsi, fuska a murtuke don bai sha fura ba. Baba Tsoho mai haƙa kabari yana zaune, ya tambaye shi na wane ne. Mato ya ce na Zaliha ne, ya wuce abinsa.

Ina cikin daka na ji salati daga ƙofar gida. Kafin in ajiye taɓarya mata sun cika tsakar gida, wata ta rungume ni tana ba ni haƙuri, wata tana neman inda za a ɗora ruwan wanka. Ina cewa ku tsaya, ku tsaya, suna cewa ruɗewa ce. Maza kuwa sun riga sun ɗauki diga, sun ce yarinya ce sun san tsawonta, Mato zai same su can maƙabarta.

Zaliha tana bayan rumbu tana dama wa akuya dusa. Duk abin da aka faɗa a kunnenta. Wata ta ce dama tun da aka dawo da ita ba ta yi kama da mai zama ba. Wata ta ce wutar nasara ta cinye ta ta ciki, shi ya sa ta ƙi girma. Matan da ke shafa kanta kullum suna ce mata amarya. Sai ga ta ta fito da ƙwarya a hannu ta tsaya tana kallonsu. Wasu suka gudu har da barin takalma.

Kafin a kai wa maza labari rami ya kai gwiwa. Sun mayar da ƙasa, amma gurbin yana nan, kuma yara sun kai ta sun nuna mata. Da na ji, na bi gida gida na wanke iyayensu tas, ban bar kowa ba. Inna ta dawo ta tarar, ba ta ce mini na faɗa miki ba, da ma ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta sa aka yi waina aka raba sadaka, tun ranar ba ta ci abin da na dafa ba. Mato kuwa ya kai karan Buza lafiya lau, ya dawo yana tambayar mi ya faru.

Yanzu Zaliha ba ta fita wasa. Ta ba Balki 'yar tsanar da ta zo da ita daga Faransa, wadda ko ni ba ta bari in taɓa. Shekaranjiya ina tankaɗe ta zo ta zauna kusa da ni, ta tambaye ni in kara na gaba bai fi wannan ba mi za a yi mata. Na ce ba komai ba ne, lokotoro za a koma ya yi mata magani. Na faɗa ne don in kwantar mata da hankali. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ka yi mana addu'a. Ina tsoron watan awo kamar yadda ban taɓa tsoron komai ba.

Matarka,
Saude


Babankatami, cikin bazara, 1987

Zuwa ga maigidana abin alfaharina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya zafi, ko ku can ba ku san shi ba? Mu nan rijiya ta yi ƙasa, amma yau ko ruwan kwata aka ba ni zan sha in gode.

Albishirinka. Ɗiyarka ta ƙara yatsa biyu cif. Ban ma kira ta ba, da ta ga na ɗauko wuƙa ita ta shiga ta sanyo rigar nan taka ta Abijan, ta zo ta jingina da bango ta miƙe kamar soja. Na yanke, na zaro na farkon daga rufi na jera su. Na zauna a ƙasa na yi kuka har ta fara ba ni haƙuri.

Wannan karon da kaina na tura karan cikin dami na ɗaura wa Mato a kai, na bi shi har bayan gari da zagi. Majo ya aiko cewa madalla, wannan girma ne mai kyau, ba maganar Yamai, zai rubuta wa Faransa. A ci gaba da awo kawai.

Kafin Mato ya tafi da shi na kai wa Inna karan biyu don ta gani. Ta kawar da kai ta ce in fitar mata da su daga ɗaki. Amma da yamma ta ci tuwona.

Zaliha tana yawan barci bayan azahar, na ce zafi ne. Balki har yanzu ta fi ta, to dangin uwar Balki duk dogaye ne kamar giginya. Rigar ma tana nan tana jan ƙasa, kai ne dai ka sayo ta mutum biyu.

Ka ce mai gidanka ya hana ka zuwa noma bana ma. Ba komai, Mato zai yi, ka zauna da aikinka. Hankalina ya kwanta.

Taka har kullum,
Saude


Madawa, farkon kaka, 1987

Zuwa ga maigidana,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ka gafarce ni in gaisuwar ta yi gajarta. Daga Madawa nake rubutawa, gidan Mairamu ƙanwar babana kusa da tasha. Ni da Inna da Zaliha muna jiran motar Yamai. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Awon damina ma ya fi na bazara, har na fara yi wa matan gari gori. Ashe Inna tana kallon abin da ni ban kalla ba. Ta ga har yau in Zaliha za ta sauko da ƙwarya daga ragaya sai ta jawo turmi ta taka, kamar bara, kamar bara waccan. Kuma ranar da take shafa mata mai ta ga ƙirjinta ya fara ƙirgen dangi. Ita ba ta manta abin da Majo ya ce game da balaga ba, ashe duk ta riƙe.

Ran Talata bayan azahar Zaliha tana barci a kan tabarma. Inna ta leƙo ta ce in kawo wuƙa da kara. Na zaci ban ji daidai ba. Ta durƙusa, ta miƙe ƙafafun yarinyar a hankali ta haɗa su, ta gyara mata wuya, yadda na sha ganin tana yi wa waɗanda ba za su tashi ba. Na juya baya, na kasa kallo. Ina jin bakinta yana motsi da addu'a, ina jin karan yana karkarwa a hannunta. Matar da ta auna rabin matan garin nan ba ta taɓa rawar hannu ba. Ta ɗora daga diddige zuwa tsakiyar kai ta yanke. Ta ce in zaro na farkon.

Maigida, tsawonsu ɗaya. Ko farce bai shiga tsakani ba.

Muna riƙe da su Zaliha ta buɗe ido. Ta ga kakarta durƙushe a kanta da kara. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi zaune ta faɗa mana da bakinta cewa ɗage take yi a kan yatsun ƙafa, rigar tana rufewa, kowane awo ta ƙara ɗagawa kaɗan. Har gwadawa take a bayan rumbu don kar ta yi rawa. Raina ya ɓaci na ɗaga hannu, wallahi da na sauke shi a fuskarta, Inna ta riƙe ni.

Sai ta ba mu labarin da ba ta taɓa ba kowa ba tun dawowarta. Ta ce a can akwai wani ɗaki ba taga. A kwantar da ita a kan tebur, a kifa mata wani abu a fuska a ɗaure don kar kanta ya motsa, sannan kowa ya fita, a rufe ƙofar ƙarfe mai kauri, wani inji ya zo kanta yana ƙugi. Kullum, kullum. Ta ce takan kira Inna, ta kira ni, ta kira ka, ba wanda ya san mi take cewa, sai su dawo su ba ta alewa. Mu muna nan muna gode wa nasara, ba wanda ya tambaye ta. Da na ce mata za a koma wurin lokotoro, ɗakin nan ta gani. Ta ce ta yarda ta zauna gajeriya har ta tsufa. Ta ce in ma ba haka ba, gara wurin nan da su Baba Tsoho suka fara haƙawa, ko ba komai yana kusa da gida.

Ban san lokacin da na fita ba. Na tsinci kaina bakin murhu ina ta hura wutar da ba tukunya a kai.

Inna ce ta zauna da ita. Ban ji duk abin da suka ce ba. Na dai ji ta rantse mata cewa duk ɗakin da za a shiga da ita tare za su shiga, in an ɗaure kan Zaliha a ɗaure nata, in an rufe ƙofa a rufe da ita ciki, wanda zai fitar da ita sai ya ja ta a ƙasa. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce Madawa ba.

Da gari ya waye ta ɗauki karan da kanta. Na kawo dami ta ture shi. Ta riƙe shi a tsaye, ta kama hannun Zaliha, suka bi ta gaban masallaci a hankali. Ta tsaya gaban Baba Tsoho ta ce masa ya duba da kyau, ga kara ga mai shi, a tsaye take da ƙafarta, likita za su.

A Buza Majo ya ɗora metir a kai ya ga ba ta ƙaru ba. Da Inna ta gaya masa maganar ƙirjin sai ya ajiye alƙalami ya shafa fuska. Ya ce kusan shekara ta tafi mana a banza, lokaci ya ƙure amma bai ce ya ƙare ba, hoton ƙashin hannu ne zai faɗa. Ya ce a Yamai ba ƙofar ƙarfe, hoto ne da ɗibar jini. Na ce ya faɗa wa Zaliha da bakinsa, ya cire farar rigarsa ya fito waje ƙarƙashin itace ya faɗa mata. Na tambaye shi a gefe ko daga Yamai za a ce sai Faransa. Ya ce ba zai rantse mini ba.

Ga mu nan. Zaliha tana zaune jikin kakarta, tun jiya ba ta saki bakin zanenta ba, duk motar da ta yi ƙugi sai ta zabura. Ni kuma ina kallon hannunta na hagu, wanda za a ɗauka hoto, ina ta tunanin ko ƙashin ya rufe tun cikin damina lokacin da nake yawo ina yi wa mata gori. Ina tsoro, maigida. Ina tsoron a ce mun makara, ina kuma tsoron a ce ba mu makara ba a ɗauke ta a jirgi, a ce tsohuwa ba ta da kujera.

Za ka ga zare cikin ambulan ɗin nan. A jikin karan Inna na auna shi. Majo ya ce zare yana miƙewa, to ka ja shi iya ƙarfinka. Ka miƙe tsaye ka taka bakinsa da diddige ka ɗaga shi a jikinka. Ranar da za ka tafi, da ta rungume ka a bakin mota, kanta ƙarƙashin aljihun ƙirjinka ya tsaya, ina gani har hawayenta ya jiƙa wurin. Damina uku ke nan. Ka ga inda zaren zai tsaya, sannan ka je ka yi magana da mai gidanka.

Za mu sauka wurin mutanen garinmu a Yamai, ka tambaya a tasha za a nuna maka. Kar ka tsaya sayen riga. Wadda ka aiko tana nan, har yanzu ƙasa take ja.

Inna ta ce a gaishe ka. Zaliha na tambaye ta saƙo, ta ce in ce maka ka zo kafin a rufe ƙofa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Saude